Wa Ya Saba da Magani, Jiki ko Ƙwayar Cuta? Tsokaci Kan Ilimin Ɗaliban Likitanci a Sokode da Dapaong

Wata al'ada ta samu gindin zama a tsangayoyin koyar da likitanci na Afirka da ma wasu sassan duniya. A raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, a ce su zaɓi "gaskiya" ko "ƙarya", a ƙirga amsoshin, a fitar da kaso, sannan a buga a mujalla da sunan an auna saninsu game da magungunan antibayotik da yadda ƙwayoyin cuta ke bijire musu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Shin antibayotik na maganin mura? Shin a daina shan magani da zarar an ji sauƙi? Sakamakon ma bai cika sauyawa ba: 'yan ajin ƙarshe sun fi 'yan ajin farko, akwai ragowar masu ganin kafso na warkar da mura, kuma da dama daga cikin waɗanda suka amsa daidai su kansu sukan sha maganin ba tare da likita ya rubuta musu ba. Daga nan sai a rufe rahoto da shawarar a ƙara darussa.

Awon ba ƙarya ba ne, amma mudun da ake yin sa da shi ɓulalle ne. Abin da takardar ke aunawa shi ne ko ɗalibi zai iya gane jimlar da ta dace idan an rubuta masa ita da Faransanci ko Ingilishi. Abin da aikin asibiti zai nema daga gare shi kuwa daban ne. Wata rana zai zauna gaban uwa mai goye da yaro, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ya gamsar da ita cikin harshen da take ji cewa zawon ɗanta ba ya bukatar kafso. Ɗalibin da ya ci tambayoyin duka amma ya kasa wannan, a wajen majinyaci daidai yake da wanda bai sani ba.

Ƙasar Togo wuri ne da wannan gibi yake bayyana ƙarara. Ana koyar da likitanci a Jami'ar Lome, wadda aka kafa a 1970, da kuma Jami'ar Kara, wadda ta buɗe ƙofofinta a 2004. Harshen koyarwa da na jarrabawa Faransanci ne. Ko harsunan Ewe da Kabiye, waɗanda gwamnati ta ba matsayin harsunan ƙasa tun 1975, ba su ne harshen ajin likita ba. Amma wanda ya kammala karatu ba a aji zai yi aiki ba. Ana iya tura shi babban asibitin yanki na Sokode, sama da kilomita 300 arewa da Lome, inda mutanen gari ke magana da harshen Tem, wanda aka fi sani da Kotokoli. Ana iya tura shi na Dapaong, sama da kilomita 600 daga Lome, dab da iyakar Burkina Faso, inda zai tarar da Moba da Gurmawa da Mosawa da Fulani. A duka garuruwan biyu akwai Hausawa, kuma Hausa na daga cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwa da tasha da wurin sayar da dabbobi. Ba jiya ko shekaranjiya ta je can ba. Fataken Gwanja da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro ta waɗannan hanyoyi suka bi, suka yada zango a yankin Sokode, wasu kuma suka ratsa ta Sansanin Mango da ke kudu da Dapaong. Har yau zuriyarsu na nan.

Kafin a shiga batun harshe, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai, don kada ya ɗauka gardamar malaman nahawu ce kawai. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar na da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Adadin farko ya zarce na waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a wannan shekara, ya kuma zarce na zazzaɓin cizon sauro. Yankin da ya fi kowane yanki na duniya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Togo na cikin wannan yanki, haka Nijeriya da Nijar da Gana. Arewacin Togo kuma yana cikin zirin da sanƙarau ke addaba duk lokacin hunturu da bazara, kuma a 2016 an yi fama da annobar nau'in W a can. Maganin da ake dogara da shi wajen ceto mai sanƙarau shi ne allurar seftiriyazon. Duk allurar seftiriyazon da aka yi wa mai mura ko mai ciwon jiki don a faranta masa rai, an rage kaifin wuƙar da za a nema ranar da yaro ya zo da sandararriyar wuya.

Ba sabon gargaɗi ba ne. Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, kuma tun a 1940, kafin maganin ya wadata, masana a Ingila suka bayyana wani sinadari da wasu bakteriya ke fitarwa mai lalata shi. Da Fleming ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1945, ya ja kunne cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi penisilin a kanti, ya sha ƙasa da ƙima, ya horar da ƙwayoyin cutar jikinsa su jure masa. Lokacin ya zo. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a Sokode ko Sinkase ko Maraɗi ko Kano ya ga kafso a kan tire cikin rana, ana sayar da shi ɗai-ɗai kamar alewa.

To, ina laifin harshe a nan?

A fara da jimlar da likita zai fi ji daga bakin majinyaci Bahaushe: "Jikina ya saba da maganin." Akwai 'yan'uwanta: "Maganin ya daina yi mini aiki," da "Maganin bai karɓe ni ba." Ɗalibin Hausa ya san yadda ake feɗe jimla, don haka ya nemi aikau a kowace. A ta farko jiki ne. A ta biyu da ta uku magani ne. Ma'ana, a tunanin mai maganar mutum biyu ne kawai a fagen: shi da maganinsa. Na ukun, wanda shi ne ainihin mai aikin, wato ƙwayar cutar, ba ya cikin jimlar kwata-kwata. Wannan kuskure ba na Hausawa kaɗai ba ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi mutum kusan 10,000 a ƙasashe 12, ciki har da Nijeriya, sai kashi 76 cikin ɗari suka ce bijirewa na faruwa ne idan jikin mutum ya daina jin magani, kashi 64 kuma suka ce antibayotik na maganin mura.

Wani zai ce wannan ai feɗe biri har wutsiya ne a kan abin da bai kai ba, tunda ko jiki ne ya saba ko ƙwayar cuta, magani dai bai yi aiki ba. Amma abin da mutum zai aikata ya danganta ne da wanda ya ɗora wa aikin. Wanda ya yarda cewa jikinsa ne ya saba, matsalarsa ce shi kaɗai, kuma mafitarsa a fili take: ya sauya wani magani mai ƙarfi, ya huta wa na farko har jikin ya manta, ya miƙa ragowar ga ƙaninsa tunda shi jikinsa bai saba ba. Wanda ya gane cewa ƙwayar cutar ce ta sauya, zai gane cewa abin yana tafiya. Tana bin hannu, tana bin ruwan rijiya da masai, tana bin gadon asibiti. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa haɗiyar ko rabin ƙwaya ba, yana iya kamuwa da bakteriyar da magani uku ba sa ci, domin wasu ne suka horar da ita kafin ya zo duniya. Jimlar da ta dace gajera ce: "Ƙwayar cutar ce ta daina jin magani." Sauya aikau kawai aka yi, amma batun ya tashi daga na mutum ɗaya ya koma na unguwa. Ɗalibin likitancin da ya zaɓi amsa daidai a takarda, sannan ya ji majinyaci ya ce jikinsa ya saba ya gyaɗa kai, ya tabbatar da kuskuren da hatimin farar rigarsa.

Matsala ta biyu tana cikin kalmar "ƙwaya" kanta. Ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, ƙwayar da 'yan maye ke sha, sannan ƙwayar cuta. Wannan yalwar ma'ana ado ce ga harshe, kuma mahalli kan raba gardama. Inda gizo ke saƙar shi ne "ƙwayar cuta" ta haɗe halittu da ba su da dangantaka: bakteriya, da bairas, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da nau'in fumfuna. Idan aka fassara antibayotik da "maganin kashe ƙwayoyin cuta", kamar yadda ake yawan yi a rediyo, an ba mai mura hujja a hannu. Likita ya ce mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ga kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan tire, to me zai hana shi saye? Hankalinsa bai yi kuskure ba, fassarar ce ta yaudare shi. Antibayotik yana aiki ne ta hanyar farmakar abubuwan da bakteriya ke da su, kamar bangon da ya kewaye ta, wanda penisilin da danginsa ke hana ta ginawa. Bairas ba shi da wannan bango, yana shiga cikin ƙwayoyin halittar mutum ne ya hayayyafa. Ba wa mai mura amoksisilin kamar zuba maganin ɓera ne don kashe sauro. Sauron na nan, sai dai a yi ɓarna a wani wuri, domin maganin zai bi ta kan biliyoyin bakteriyar da ke zaune lafiya a hanji, ya kashe masu rauni, ya bar masu taurin kai su gaje wurin.

Sai kuma "sanyi", kalmar da ta fi kowace jawo shan kafso ba bisa ƙa'ida ba. Sanyi na iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara, ko ƙaiƙayi da fitar ruwa ga mata, ko ciwon sanyi na saduwa. Abu biyar ne masu sababi daban-daban, suna ɗaya. Matar da ke fama da ƙaiƙayin da fumfuna ke haddasawa, idan ta sha antibayotik sau da yawa abin ƙaruwa yake yi, domin maganin yana kashe bakteriyar da ke tsare wurin. Sai ta ce sanyin ya yi ƙarfi, ta ƙara saye. Ciwon sanyi na saduwa kuwa shi ne babban misalin bijirewa a duniya: an yi maganinsa da penisilin har ya daina ji, aka koma tetarasaikilin ya daina ji, aka koma sipurofuloksasin ya daina ji, yanzu seftiriyazon ne ya rage a matsayin babban abin dogaro, kuma an fara samun masu bijire masa a wasu ƙasashe. Ma'aikacin lafiyar da tafinta ya gaya wa da Faransanci cewa matar nan tana jin sanyi, alhali ita wani sanyin take nufi, ya ɓata hanya tun daga tambayar farko.

Majinyata ma ba su san magungunan da sunayen da ke littafi ba. Sun san su da launi, ja da rawaya, ja da baƙi, ko da sunan kamfani kamar Flagyl, wanda ya zama amsar kowane ciwon ciki. Idan likita ya tambaya ko an sha antibayotik kafin a zo, za a ce a'a da zuciya ɗaya. Idan ya tambaya ko an sha kafso, ko an fasa shi an barbaɗa a gyambo, ko an zuba shi a koko an ba yaro, sai labari ya fito. Babu takardar tambayoyin da ke auna ko ɗalibi ya san wannan bambanci.

Akwai masu suka, kuma wasu daga cikin hujjojinsu na da nauyi. Na farko zai ce Hausa ba harshen Sokode ba ne, ba kuma na Dapaong ba, don haka wannan ɗora wa mutane harshen baƙi ne. Gaskiya ne cewa Tem da Moba sun fi Hausa haƙƙi a garuruwansu, kuma duk abin da aka faɗa a nan ya hau kansu daidai wa daida, masu nazarin waɗannan harsuna su ɗauki nasu kason. Amma magani ta hanyar kasuwa yake yawo, kuma Hausa tana da ƙafa a kasuwa tun daga Kano har Kumasi. Bayanin da aka ƙera da kyau cikin Hausa zai bi motar da kafson ya biyo. Na biyu zai ce ai akwai tafinta, ko ma'aikacin jinya ɗan gari. Akwai. Sokode ma tana da makarantar gwamnati mai horar da mataimakan ma'aikatan jinya da ungozomomi, kuma irinsu ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara inda ba a ganin likita. Sai dai shi ma da Faransanci aka koyar da shi, kuma ba wanda ya zauna da shi aka tantance yadda za a faɗi "bijirewa" da harshen gida. Kowa na ƙirƙirar nasa a tsaye, kuma mafi sauƙin abin da zai faɗo a baki shi ne abin da ya taso yana ji: jikinka ya saba.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, cewa talauci ne tushen, ba kalma ba. Wanda ya sayi kafso huɗu maimakon ashirin da ɗaya ba don bai san nahawu ba ne, kuɗin huɗu gare shi. Likitan da ya rubuta magani ba tare da gwaji ba, sau da yawa ba shi da inda zai tura gwajin. Wani bincike da aka fitar a 2022 a kan ƙasashen Afirka 14, ciki har da Gana da Burkina Faso, maƙwabtan Togo, ya nuna cewa kashi 1.3 cikin ɗari ne kacal na ɗakunan gwaje-gwaje kusan 50,000 ke yin gwajin bakteriya. Ga kuma jabun magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma a birnin Lome ne shugabannin wasu ƙasashen Afirka suka hallara a Janairun 2020 don ƙulla alkawarin hukunta masu wannan fatauci. Kafson da ke ɗauke da rabin sinadarin da aka rubuta a jikinsa yana yin daidai abin da Fleming ya ji tsoro, ko da mai shan sa ya bi ƙa'ida. Duk wannan ba a musanta shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma a lura da abu ɗaya: inda babu ɗakin gwaji, tambaya da amsa ita ce gwajin da ya rage. Likitan Faransa na iya rashin iya hira, na'ura ta rufa masa asiri. Likitan Dapaong kunnensa da bakinsa su ne kayan aikinsa na farko. Rashin kayan aiki ƙara wa harshe muhimmanci yake yi. Kuma talakan da aka gamsar cewa zawon yaronsa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc yake bukata, an tsare masa kuɗin kafson da ba zai amfane shi ba.

Akwai kuma illar hadda. Shekara da shekaru amsar da ake ba maki a takardun nan ita ce lallai a shanye magani duka ko da an ji sauƙi, in ba haka ba ƙwayar cuta za ta bijire. A 2017 wasu masana a Ingila suka ƙalubalanci wannan a mujallar BMJ, suka ce ga cututtuka da dama babu hujjar cewa gajeren zango ne ke haifar da bijirewa, hasali ma tsawaita shan magani ba dalili shi ke ƙara ta. Ga tarin fuka dokar na nan daram, kuma yankewa a tsakiya haɗari ne babba. Ga wasu cututtukan kuwa an rage kwanakin. Saƙon da ya dace yanzu shi ne a sha gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya ƙayyade, kada a rage, kada a ƙara, kada a ajiye saura. Ɗalibin da ya haddace jimla, ranar da aka sauya jimlar sai ya rikice. Wanda ya fahimci dalili shi ne zai iya bin sauyin, kuma babu gwajin fahimta da ya kai a ce wa mutum ya faɗi abu da harshen uwarsa, inda babu manyan kalmomin da zai laɓe a bayansu. Haka rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, inda ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum irin su amoksisilin, na sa-ido irin su seftiriyazon da sipurofuloksasin, da na ajiya irin su kolistin. A Satumbar 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince cewa kashi 70 cikin ɗari na abin da ake amfani da shi ya kasance daga gidan farko. Wannan tsari ba shi da wuyar bayani ga wanda ya san rumbu: akwai hatsin ci, akwai na tsimi, akwai iri wanda ba a taɓawa sai shuka.

A nan ne zargin ya juyo kan masu nazarin Hausa, domin su ma ba su fita ba. An ɓata lokaci mai yawa a tarurrukan ƙirƙirar kalmomi, ana fitar da jerin fassarori masu tsawon zira'i waɗanda ba su taɓa fita daga cikin kundi ba, alhali kayan aikin na nan a bakin jama'a ba a tattara ba. Dattawan Sokode sun san Nivaquine, sun sha ta shekaru, sun kuma ga lokacin da ta daina kashe zazzaɓi har aka sauya magani a tsakiyar shekarun 2000. Ba jikin mutanen gari ne ya saba a rana ɗaya ba, ƙwayar zazzaɓin ce ta sauya. Manomin auduga da na wake ya san ƙwarin da feshin bara ya daina kashewa. Makiyayin da ke yi wa shanunsa allurar tetarasaikilin da hannunsa, da mai kiwon kaji da zabi da ke zuba kafso a ruwan shansu, suna cikin labarin, domin bakteriyar da ta bijire a cikin dabba ba ta san iyakar garke ba. A 2015 aka ba da rahoton gano wata ƙwayar gado mai sa bakteriya jure wa kolistin a dabbobin ƙasar Sin, kuma ba a jima ba aka same ta a nahiyoyi da dama. Bahaushe ma yana da hoton ɗan tauri wanda wuƙa ba ta ci, kuma "ƙwayar cutar ta sha tauri" magana ce da za ta zauna a kai. Sai dai tana da rauni, don tana nuna kamar ƙwayar da gangan ta nemi laƙani. Hoton rariya ya fi kusa da gaskiya. Magani tankaɗe yake yi, masu laushi su wuce, tsakin ya rage, kuma wannan tsaki yana haihuwa. Wasu bakteriya kan rabu biyu cikin minti ashirin idan sun samu yanayi, har ma sukan miƙa wa maƙwabtansu na wani jinsi sirrin jurewar. Tantance wanne hoto ne ya fi dacewa, da inda kowanne ke ɓatarwa, aikin masanin harshe ne tare da likita, kuma ba a yi shi ba yadda ya kamata.

Abin kunyar ya ƙaru idan aka tuna cewa nazarin Hausa yana da tsohon tarihi da Togo. A Kete-Karachi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Togon Jamus kafin ta koma Gana, Adam Mischlich ya zauna da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, kuma a 1906 aka buga ƙamus ɗinsa na Hausa a Balin, shekara 28 kafin na Bargery. Sama da shekara ɗari da suka wuce wani ya ga Hausar wannan yanki ta isa a tattara. Yau ɗalibin da ke neman batun kundin digiri yakan koma kan abin da aka riga aka tatse, ga zango-zangon Togo da kalmominsu na cuta da magani, da aron da suka yi daga Faransanci da Tem da Moba, ba mai kula su. Hausar zango ba ta Kano ba ce, an san yadda ta Gana ta yi watsi da bambancin jinsi, don haka saƙon da aka rubuta a Kano ba lallai ya sauka daidai a Sokode ba sai an je an ji yadda ake faɗa.

Abin da ake nema daga tsangayoyin likitanci ba mai tsada ba ne. Kafin a ba ɗalibi maki a kan antibayotik, a zaunar da shi gaban mutum na gaske, mai magana da Tem ko Moba ko Kabiye ko Hausa, gwargwadon inda zai yi aiki, kai tsaye ko ta bakin tafinta. A ce wannan mata ce da ta kawo yaro mai zawon kwana biyu, babu jini a bayan gidansa, ta riga ta ba shi kafso biyu daga tire, kuma ta zo ne don a yi masa allura. A ba ɗalibin minti biyar. Ya gano abin da aka riga aka ba yaron, ya hana allurar ba tare da ya wulaƙanta ta ba, ya koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, ya faɗa mata alamomin da in ta gani ta dawo da gudu, kamar zurmawar ido da kasa shan ruwa da ganin jini. Sannan a fitar da shi daga ɗakin, a kira wata matar, a ce ta farko ta maimaita mata abin da likita ya ce. A kan abin da ya fito daga bakinta za a ba shi maki.